Kafin ka sayi iyafis a kasuwannin Saudiyya, fara da kunnenka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafinka na wasiƙu domin mu yi magana a kan wani ɗan ƙaramin kaya da kusan kowane Bahaushe mazaunin Saudiyya ke yawo da shi a aljihu, wato iyafis, wanda masu shaguna a nan ke kira samma'a. Direba a Riyad, ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina, mai aikin gida a Jidda, alhajin da ya zo Umara yana haɗa tsaraba, kowa na saye. Da yawa kuma sukan koma shago bayan 'yan makonni, ko don kunne ɗaya ya daina magana, ko don abin na sa musu ciwo. In aka tara kuɗin da ke tafiya a wannan saye da sake saye, ya isa a mallaki guda ɗaya mai kyau da zai yi shekaru. Sana'armu ta sauti ce, shi ya sa muka ga ya dace mu faɗi abin da muka sani.

Abin da ya fi kowane abu muhimmanci a iyafis mai shiga cikin kunne shi ne 'yar robar da ke bakinsa, kuma ita ce aka fi rainawa. Lasifikar da ke ciki ƙarama ce ƙwarai, faɗinta tsakanin milimita 6 zuwa 12 ne a mafi yawansu, ba ta da ƙarfin tura iska mai yawa. Tana iya fitar da kaurin sauti, abin da samari ke kira bes, ne kawai idan robar ta toshe ramin kunne ruf, iskar da ke tsakanin lasifikar da dodon kunne ta kasa tsira. Da zarar an sami kafa, ko da 'yar ƙarama ce, kaurin sautin zai zube, a bar ka da wani siririn amo mai kaifi. Daga nan sai mutum ya ce kayan ba su da kyau, ya ƙara murya har ƙarshe, alhali robar ce ba ta dace da kunnensa ba. Lamarin kamar na hula ne: Zanna Bukar komai tsadarta, in ba ta zauna a kai ba, mai ita ba zai ji daɗin sa ta ba.

Saboda haka kada ka sayi wanda bai zo da robobi aƙalla kala uku ba, ƙarama, matsakaiciya da babba. Kamfani kan sa matsakaiciyar a jiki, sauran su zauna a wata 'yar leda a ƙasan kwali, mutane kuma su jefar da kwalin da su a ciki. Ka gwada dukansu, kuma ka gwada kowane kunne daban, domin ba abin mamaki ba ne kunnen dama ya so matsakaiciya, na hagu ya so babba. Yadda ake sawa shi ne ka zagaya hannun hagu ta bayan kai, ka ja saman kunnen dama sama da baya kaɗan domin ramin ya miƙe, ka ɗan buɗe baki, ka tura iyafis ɗin a hankali kana murza shi, sannan ka saki kunnen. Kafin ka kunna komai, ka yi gunji da baki a rufe. In muryarka ta cika maka kai, ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kuma ta yi nisa, to ya toshe. Ka ɗan ja shi baya, ya kamata ka ji yana riƙewa kaɗan. Wanda ke zamewa da ka fara tafiya ko tauna abinci, robarsa ta yi ƙanƙanta, ko kuma ta yi girma har ta kasa shiga sai ta tsaya a bakin rami. Wanda kuma ke sa zugi bayan minti ashirin zuwa talatin, ko dai robar ta yi girma, ko jikin iyafis ɗin ne ke danne guringuntsin kunne. Na farkon canjin roba ke maganinsa. Na biyun ba shi da magani sai canza samfuri, don haka mai ƙananan kunnuwa ya nemi mai ɗan siririn jiki tun farko, ya guji masu ƙaton ƙoƙo ko da an yabi sautinsu.

Akwai kuma bakin da ake yi da soso mai laushi. Ana murza shi da yatsu ya tsuke, a sa a kunne, a riƙe kamar daƙiƙa ashirin har ya kumbura ya cika ramin. Ya fi roba toshe hayaniya, ya fi ta riƙo ga mai gumi, kuma mutane da yawa da roba ke sa wa ƙaiƙayi sukan sami sauƙi da shi. Aibinsa shi ne yana shan gumi da dauɗa, ba ya wankuwa da kyau, sai an canza shi bayan wata ɗaya zuwa uku, a damshin Jidda ma ba ya kai haka. In za ka sayi baki na daban, na roba ko na soso, ka tafi da iyafis ɗin shago, domin kaurin bututun da ake cusa shi a kai ya bambanta, daga kusan milimita 4 zuwa 6. Wanda ya yi sako-sako yana iya cirewa ya maƙale a cikin kunne, kuma wannan aikin asibiti ne, kada a sa tsinke ko ashana a ce za a zaro shi a gida.

Bayan kunne, sai wayarka. Tun da Apple ya cire ramin iyafis mai milimita 3.5 daga iPhone 7 a 2016, sauran kamfanoni suka bi sahu a manyan wayoyinsu, ko da yake ƙananan wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa har yanzu suna da shi. In wayarka na da ramin, ka huta. Ka dai duba kan filogin: zobe biyu na nufin sauraro kawai, zobe uku na nufin akwai makirfo. Masu zobe uku ma iri biyu ne, CTIA wanda kusan duk wayoyin yanzu ke bi, da tsohon tsarin OMTP na wasu tsofaffin wayoyin Nokia da Sony Ericsson. Alamar an haɗa waɗanda ba su dace ba ita ce muryar mai waƙa ko mai karatu ta yi nisa kamar daga wani ɗaki, sai ka danne maɓallin amsa kira ta dawo daidai. In ka ji haka, kayan ba su lalace ba, tsarinsu ne ya saɓa da na wayar.

In kuwa ramin caji kaɗai wayar ke da shi, sai ka sayi iyafis mai kan USB-C, ko ka sayi ɗan guntun mahaɗi da ke juya ramin caji ya koma na iyafis. A nan mutane ke yawan asara. Mahaɗin nan iri biyu ne da ba a bambance su da ido. Ɗaya igiya ce zalla, ɗayan kuma na da wani ɗan guntun kwakwalwa a ciki da ake kira DAC, wanda ke mayar da lambobin da ke cikin waya su zama sauti. Manyan wayoyin Samsung tun daga Note 10 na 2019, da wayoyin Pixel, da iPhone 15 zuwa sama, duk sai mai DAC suke karɓa. In ka sa musu marar shi, ko dai su yi shiru, ko su rubuto maka cewa ba su gane na'urar ba. Ka tambayi mai shago, ka duba kwali, mafi kyau kuma ka gwada a wayarka kafin ka biya. Ka saurara kuma lokacin da babu abin da ke kunne: mahaɗi marar kyau na fitar da wani shuu a bayan sauti, wanda zai dame ka da dare.

Mai son rediyon FM na cikin waya, kamar masu bin tashar Alƙur'ani, ya sani cewa igiyar iyafis ɗin ce eriyar, don haka marar igiya ba zai yi masa wannan aikin ba.

Tambayar da aka fi yi ita ce mai igiya ko marar igiya. Ra'ayinmu a fili yake: ga wanda kuɗinsa bai kai riyal ɗari ba, mai igiya ya fi. Dalilin lissafi ne. A cikin marar igiya dole kuɗinka ya biya batura uku, na kowane kunne da na gidan caji, da kwakwalwar Bluetooth, da makirfo, sannan abin da ya rage ya tafi ga lasifika. A mai igiya kusan duka kuɗin na lasifika ne da jiki. Shi ya sa a 'yan shekarun nan wasu kamfanonin Sin suka fito da masu igiya a kusan dala 20, wato wajen riyal 75 tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce, waɗanda sautinsu ke da tsabta sosai, irin su Moondrop Chu II, 7Hz Salnotes Zero da Tangzu Wan'er. An fi samunsu a kasuwannin intanet irin su Amazon da Noon fiye da kan titi, kuma a kan sayar da su iri biyu, mai makirfo da marar shi, don haka a karanta da kyau kafin a danna. Wanda ya fi son sunan da ya sani yana da Sony MDR-EX15, JBL Tune 110 da Panasonic ErgoFit, dukansu marasa nauyi ne masu ƙaramin jiki, sun dace da doguwar sauraro.

Babbar falalar waɗancan ukun na farko ita ce igiyarsu na cirewa. Mafi yawan iyafis da aka ce sun mutu, lasifikarsu lafiya lau take. Siraran zaren tagulla ne suka karye a ɗaya daga wurare uku: gindin filogi, inda igiyar ta rabu biyu, ko inda ta shiga jikin abin kunnen. Za ka gane haka in kana lanƙwasa wurin a hankali sauti na zuwa yana ɗaukewa. In igiyar mai cirewa ce, sabuwa kawai za ka saya ka maƙala. Mahaɗanta kuma iri biyu aka fi sani, mai allura biyu na milimita 0.78, da mai zagaye da ake kira MMCX, ba sa shiga wa juna, sai ka san naka. Wajen maƙala mai allura biyu a kula da alamar L da R, kuma a tura a miƙe, domin allurar na lanƙwashewa da wuri. Filogi mai lanƙwasa kamar gwiwa ya fi miƙaƙƙe daɗewa ga mai sa waya a aljihun jallabiya ko na wando, tunda ba ya karɓar nauyin zama da tashi. Kada a naɗe igiya a jikin waya filogi na ciki, wannan ɗabi'ar ita ke kashe mafi yawansu. A naɗa ta sako-sako a kan yatsu uku a jefa cikin 'yar jaka. In kuma ƙarar gogar igiya da riga na shiga maka kunne lokacin tafiya, ka ɗora ta ta bayan kunne ko ka maƙale ta a wuyan riga.

Marar igiya na da masu buƙatarsa na gaskiya. Mai aikin gida da hannayenta ke cikin ruwa, mai aikin gini ko sito da igiya za ta iya sarƙe masa da wani ƙarfe, waɗannan ba za mu ce musu su koma igiya ba. Sai dai su shiga da sanin cewa kaya ne mai wa'adi. Baturin kowane kunne ƙarami ne, yawanci tsakanin mAh 30 zuwa 60 a ma'aunin girman baturi, yana ba da awa huɗu zuwa takwas sa'ad da yake sabo, bayan shekara biyu zuwa uku kuma sai ya ragu sosai, kuma a yawancinsu an manne shi da gam yadda ba a iya canzawa. Zafi na gaggauta wannan mutuwar. Motar da aka ajiye a rana a Riyad ko Makka da bazara cikinta na wuce digiri 60, alhali su kansu kamfanonin kan ce a yi amfani da irin waɗannan na'urori a ƙasa da digiri 35. Barin gidan caji a gaban mota na rana ɗaya kan iya kumbura baturi ya narkar da gam. Muna jan hankalin direbobi musamman a kan wannan. A wannan rukunin, sunaye irin su Soundcore na Anker, Redmi, QCY da Oraimo da 'yan gida suka sani suna da samfura masu sauƙin kuɗi. Ka nemi alamar IPX4 aƙalla, wadda ke nufin yana jure gumi da feshin ruwa. IPX7 na nufin zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti talatin, amma galibi abin kunnen kaɗai ake nufi, ban da gidan cajinsa. Akwai kuma mai rataya a wuya, wanda igiya ta haɗa kunnuwan biyu ta bayan wuya. Baturinsa ya fi girma, kuma ba ya faɗuwa ya ɓace a cunkoson mutane, don haka ga mai aikin ƙarfi mu shi muka fi so.

'Yan'uwa mata masu sa hijabi ko mayafi su lura da abu biyu. Mai doguwar ƙafa da ke saukowa daga kunne yakan sha turi daga mayafi har ya goce, sannan mai aiki da shafa yatsa yakan ɗauki gogar ƙyalle a matsayin umarni, ya tsayar da karatu ko ya yanke kira. Mai ɗan dunƙulallen jiki da maɓallin da ake dannawa ya fi dacewa, ko a shiga manhajarsa a kashe shafar in yana da ita.

Game da rubuce-rubucen jikin kwali, yawancinsu talla ne. Kusan kowane kwali na cewa daga Hz 20 zuwa 20,000, wato daga sauti mafi kauri zuwa mafi siranta, wannan kuwa iyakar jin ɗan Adam ne aka kwafa, ba ya gaya maka komai a kan daɗin sauti. Yawan lasifika a kunne ɗaya ma ba shi ne inganci ba, guda ɗaya da aka saita da kyau ta fi biyar da aka cusa barkatai. Lambobi biyu ne ke da amfani ga mai igiya: ohm, wato ma'aunin turjiyar lantarki, tsakanin 16 zuwa 32, da ƙarfin amsawa na 100 ko sama a desibel, wato ma'aunin ƙarar sauti, waɗannan kowace waya za ta iya tuƙa su. A marar igiya kuma, mai iPhone kada ya ƙara kuɗi don aptX ko LDAC, waɗanda hanyoyin aika sauti ta Bluetooth ne, wayarsa ba ta aiki da su, wata da ake kira AAC take bi. Fasahar kashe hayaniya da ake rubutawa ANC tana aiki ne a kan ƙara mai kauri da ba ta canzawa, irin ta injin jirgin sama daga Jidda zuwa Kano, ko motar safa, ko jirgin ƙasa na Haramaini tsakanin Makka da Madina. Surutun mutane da kukan yara ba ta cika taɓa su ba, roba mai toshewa da kyau ce ke rage waɗannan. Gwajinta mai sauƙi ne: tsaya kusa da na'urar sanyaya shagon, ka kunna ka kashe. In ba ka ji bambanci ba, rubutu ne kawai.

Kada ka yarda a gwada maka da kiɗan mai shago, domin yakan zaɓi mai dukan ƙirji wanda ke rufe kowane aibi. Ka kunna abin da kunnenka ya saba da shi a wayarka. Murya ita ce ma'auni mafi kyau, ƙira'a ko wa'azi ko labaran rediyo. Ka ji ko muryar na zaune a tsakiyar kanka. In ta karkata gefe, kunnuwan biyu ba su yi daidai ba, sai dai ka fara duba saitin daidaita hagu da dama na wayar. Ka saurari harufan sin da shin da sad. In suna sukar kunne, wannan kaifin zai gajiyar da kai cikin rabin awa, kuma ba ya gushewa da sabo. Sannan ka sa waƙa mai kalangu ko ganga, ka ji ko kowane bugu na fita daban, ko kuwa duk sun cakuɗe sun danne muryar mawaƙin. Masu araha da yawa an cika musu bes da gangan saboda yana burgewa a minti na farko. Daga ƙarshe ka ɗauki saƙon murya na daƙiƙa goma a nan cikin hayaniyar kasuwa ka saurara, tunda rabin aikin iyafis a wajenmu magana da gida ne. A wannan gwajin mai igiya mai arha kan doke marar igiya mai tsada, don makirfonsa na kusa da baki.

Wajen saye, ko a titin Falasɗinu na Jidda ne, ko Batha a Riyad, ko manyan shaguna irin su Jarir da eXtra, ka karɓi fatura, wato rasit. Harajin kashi 15 da ake biya tun Yulin 2020 yana cikin kuɗinka, kuma takardar ita ce hujjarka ta garanti. Ka ɗauki hotonta nan take, domin irin takardar da injin kanti ke fitarwa rubutunta na gogewa da zafi cikin 'yan watanni. Ma'aikatar Kasuwanci ta ƙasar na cewa garantin kayan lantarki bai kamata ya gaza shekara biyu ba, tana kuma karɓar ƙorafi ta lamba 1900. Ka tambaya wa ke ba da garantin, wakilin kamfani ko shagon. Alhazai kuma su tuna garantin nan ba zai bi su Kano ko Zinder ba, don haka su buɗe su gwada tun suna masauki. Jabun kaya sun fi yawa a kwaikwayon AirPods, marasa igiya na kamfanin Apple, kuma sun ƙware har suna nuna hotonsu a fuskar iPhone in an buɗe murfi, suna ɗauke da lambar da aka kwafo daga na gaske. Farashi ne ke tona su. Wanda aka ce maka na asali ne a kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa na babban shago, ka san amsar. Gara mai ƙaramin suna na gaskiya da jabun mai babban suna. Wata alamar kuma: tun 1 ga Janairun 2025 Saudiyya ta wajabta ramin USB-C a kan wayoyi da irin waɗannan na'urori, saboda haka marar igiya mai tsohon ramin caji alama ce ta kayan da suka daɗe a sito, baturinsu na zaune ba caji.

Ga masu tsaraba muna da roƙo. Ana cika jaka da iyafis na riyal biyar daga shagunan komai da arha domin kowa ya samu. Irin waɗannan zarensu siriri ne, ba su da kariya a gindin filogi, robarsu guda ɗaya ce mai tauri. Gara a rage adadi a sayi mai igiya na kirki ga waɗanda za su yi amfani da shi da gaske, sauran a ba su dabino da tasbaha. In kuma marar igiya aka saya, a sa shi a jakar hannu wajen shiga jirgi, kuma kada ya yi watanni a akwati ba caji. Alhajin da ke son bin fassarar huɗubar Arafa, wadda Hausa na cikin harsunan da ake yin ta, mai igiya ya fi masa, ba ruwansa da neman wurin caji a cikin tanti.

Kula da shi ba wuya. In kunne ɗaya ya fara yin ƙasa da ɗayan, kafin ka yanke masa hukunci ka cire robar ka duba 'yar ragar bakin bututun, sau da yawa dauɗar kunne ce da ƙura suka toshe ta. Ka juya bakin ƙasa ka goge da busasshen buroshin haƙori mai laushi, kada ka soka allura, za ka huda ragar ka tura dattin ciki. Robobin a wanke su da ruwa da sabulu sau ɗaya a mako, a bari su bushe sarai kafin a mayar. A marar igiya, gishirin gumi kan rufe 'yan ƙarafan caji masu launin zinariya, sai kunne ɗaya ya ƙi ɗaukar wuta. Tsinken auduga da ɗan ɗigon sifirit ya isa. Bayan alwala a tsane kunne kafin a sa, domin toshe danshi a cikin kunne a wannan zafin na kawo ƙaiƙayi da ciwo. Kada kuma a riƙa aron juna a ɗakin kwana na ma'aikata ko na ɗalibai sai an canza roba. Wanda kunnensa ke zafi ko fitar da ruwa ya ajiye iyafis ya ga likita.

Abin da ya fi damun mu shi ne ƙarar da ake sauraro da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta fitar tare da hukumar sadarwa ta duniya a 2019 ya ce baligi na iya sauraro a desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma a desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 na raba lokacin biyu, saboda haka a desibel 90 awa huɗu ne kacal a mako, a 100 kuma kusan minti ashirin. Iyafis na riyal ashirin ma na iya kai 100 in aka kai shi ƙarshe. Ƙananan ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma ba sa ciwo lokacin da suke mutuwa, sai dai mutum ya fara jin wani siririn fito bayan ya cire, ko ya riƙa cewa a maimaita masa magana a cikin taro. Robar nan ta dawo a nan ma, domin wanda kunnensa ya toshe da kyau ba ya buƙatar ƙara murya don ya rinjayi hayaniyar titi. A tsaya ƙasa da kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin waya, a huta na 'yan mintuna bayan kowace awa, a kuma shiga saitin sauti a sa iyaka, iPhone da Samsung duk suna da wurin yin haka, har da na wayar yara. Mai tuƙi da mai tsallaka babban titi su cire shi gaba ɗaya, haka ma a cikin cunkoson Harami, inda ake buƙatar jin jami'an tsaro da masu tura keken marasa lafiya.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan sauti Hausawa,
Jidda, Saudiyya.